Tumatir na yaushi gefe ɗaya: muhawara a zauren manoman rani na Zariya

Manomin Galma: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema cikin gaggawa. Tumatirin da na dasa a fadamar Galma ya kankama, ya ɗauki 'ya'ya, sai ga shi tun da zafi ya fara shigowa wasu suna langaɓewa. Da rana su kwanta, da asuba in tarar sun miƙe, bayan 'yan kwanaki kuma su kwanta gaba ɗaya. Ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya. Abin da ya ɗaure mini kai, gefe ɗaya na shukar ne ke rawayar, ɗaya gefen kore shar. Ruwa bai yanke musu ba, feshi ma na yi. Ba tsutsar sharon mai cin ganye da 'ya'yan tumatir ba ce, duk wanda ya ga abin da ta yi mana a 2016 ba zai kasa gane ta ba. Da bashi na yi noman nan, don Allah a taimaka.

Ɗan Hunkuyi: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi, ɗan'uwa. Mu ma bara mun ga irin wannan a wajenmu.

Mai Shagon Iri: Wane magani ka fesa, kuma nawa ka zuba a tanki? Da yawa matsalar daga awo take. Ka zo da ganyen Sabon Gari in gani, akwai mai ƙarfi wanda shuka ke shanyewa.

Baba Mai Lambu: Ɗana, shekara nawa ana tumatir a wannan fili ba hutu? Ƙasar ce ta gaji. Iyayenmu ba sa maimaita tumatir wuri ɗaya, sai sun sa albasa ko masara a tsakani.

Manomin Galma: Baba, haya na karɓa. Wanda ya riga ni ma tumatir yake yi duk rani.

Malamin Gona: Kafin ka sayi komai, ƙanena, ka yi mini aiki biyu, ba su cin ko kwabo. Ka tuge ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yaushi amma ba su mutu ba, ka tsaga karan a tsaye da wuƙa daga gindi zuwa sama, ka dubi abin da ke ƙarƙashin ɓawo. Na biyu, ka yanko guntun karan daga kusa da ƙasa, ka rataya bakinsa cikin kofin gilas mai ruwa garai, kada ka motsa, ka jira minti 5 zuwa 10. In wani farin abu mai kauri ya riƙa zubowa daga bakin karan yana sauka cikin ruwan, to bakteriya ce mai suna Ralstonia, ita kuma takan kwantar da shuka tana kore, ba ta jiran ganye ya yi rawaya. In ruwan ya tsaya garai, cikin karan kuma ya yi layi-layi ruwan ƙasa, to funfunar ƙasa ce. Ka dubi saiwar ma, ko akwai ƙulle-ƙulle a jikinta.

Manomin Galma: Malam, na yi. Ruwan bai gurɓata ba ko kaɗan. Cikin karan akwai layi ruwan ƙasa, ya hau har wajen reshe na biyu, kuma a gefen da ganyen ya yi rawaya yake. Tsakiyar karan lafiya lau. Saiwar wasu tana da ƙulle-ƙulle ƙanana. Na turo hotuna.

Malamin Gona: Na gani. Duk alamun sun nuna Fusarium, wato funfunar da ake kira Fusarium oxysporum, nau'in da ke kama tumatir. Tabbaci na ƙarshe sai a ɗakin gwaji, amma na daɗe ina ganin irin wannan kara. Abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe shi ne, ciwon da kake gani yau a ganye ba yau ya shiga ba. Ta saiwa ya shiga, makonni da suka wuce, wataƙila ma tun daga gadon rainon iri. Lokacin hunturu ƙasa na da sanyi, funfunar na tafiya a hankali. Ita ta fi son ƙasa mai ɗumi wajen digiri 28. Da zafi ya shigo, shukar kuma ta ɗauki 'ya'ya tana bukatar ruwa da yawa, sai abin ya bayyana. Feshin ganye ba ya kaiwa inda take.

Mai Shagon Iri: Malam, da girmamawa, ku malaman gona kullum maganarku ke nan, babu magani. Mutum ya ce da bashi ya yi noma. A ce masa ya naɗe hannu yana kallo?

Malamin Gona: Ba naɗe hannu na ce ba, Alhaji. Zan zo kan abin yi. Amma akwai ɗalibarmu ta Samaru a zauren nan, wannan fanninta ne, bari ta bayyana yadda abin ke shiga. In mutum ya gane hanyar, shi da kansa zai san inda kuɗinsa zai yi amfani.

Ɗalibar Samaru: Na gode, Malam. Ina gaida iyayena da yayyena.

Funfunar nan tana da iri mai kaurin ɓawo da take bari cikin ƙasa da cikin ruɓaɓɓen karan tumatir. Ido ba ya ganinsa. Yana iya kwanciya shekaru da yawa, rani da damina, ba ci ba girma. Abin da ke tashinsa shi ne saiwa. Duk saiwa mai rai tana tsattsafo da sukari da wasu sinadarai cikin ƙasar da ke kewaye da ita. Da saiwar tumatir ta zo kusa, irin ya ji wannan, sai ya tsiro da siririn zare. Zaren kuma ba lalube yake yi ba, saiwar yake nufa kai tsaye. A 2015 masu bincike a jami'ar Kordoba ta ƙasar Sifen suka nuna cewa wani sinadari da saiwar tumatir ke fitarwa shi funfunar ke bi, kuma da na'urar jikinta da take gane abokin haɗuwa, da ita take gane shi.

In zaren ya iso, sai ya manne ya bi jikin saiwar yana neman wuri mai taushi. Wuraren uku ne galibi: bakin saiwa inda take sabon girma, wurin da ƙaramar saiwa ta fasa jikin babba ta fito, da duk inda aka ji mata rauni. Raunin nan fa mu muke yin mafi yawansa. Ranar dashe, in aka fizgi iri daga busasshen gado, saiwoyi da yawa suna tsinkewa. Fartanya in ta yi zurfi kusa da gindi tana yanka. Sai kuma tsutsar nan ta ƙasa da ido ba ya gani, nimatod, wadda ta yi ƙulle-ƙullen da Yaya ya gani. Ita takan huda saiwa ta zauna ciki, ta kuma raunana ƙarfin shukar na kare kanta, shi ya sa in suka haɗu da Fusarium a fili ɗaya ɓarnar ta fi tsanani.

Daga nan zaren yana kutsawa tsakanin ƙwayoyin naman saiwa har ya kai tsakiya, inda jijiyoyin ruwa suke, waɗanda ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye. Nan ne gidanta. Da ta shiga sai ta fara zuba wani ƙaramin iri cikin ruwan, ruwan da shukar ke ja da kanta shi ke ɗaukarsa sama. Jijiyoyin nan guntu-guntu ne a jere, da shamaki a tsakaninsu. In irin ya maƙale a shamaki sai ya tsiro, ya huda, ya sake zuba wani irin a ɗaya gefen. Haka take hawa kara mataki-mataki.

Ɗan Hunkuyi: To ƙanwata, zaren ne ke cika jijiyar har ruwa ya kasa wucewa?

Ɗalibar Samaru: Yana daga ciki, Yaya, amma ba shi kaɗai ba. Wannan ne wurin da ya fi ba ni tausayi a karatun nan. Shukar tana jin an shigo mata, sai ta yi ƙoƙarin toshe jijiyar da abin ya shiga. Tana zuba wani abu mai danƙo, ƙwayoyin da ke gefen jijiyar kuma suna kumbura su turo kansu ciki su cike ta. Ruwan ƙasan da aka gani cikin kara, alamar wannan faɗan ce. A irin da ke da juriya, toshewar na zuwa da wuri, funfunar ta maƙale can ƙasa cikin saiwa, shukar ta yi asarar jijiya kaɗan ta ci gaba da rayuwa. A irin da ba shi da juriya kuwa, toshewar na makara. Kamar a ce ɓarawo ya riga ya shige ta Ƙofar Doka, sannan aka rufe ta, aka bi sauran ƙofofin gari ana rufewa ɗaya bayan ɗaya a bayansa: shi yana ciki, masu kawo ruwa da abinci ne suka rage a waje. Ga kuma guba da funfunar ke fitarwa, da wasu sinadarai na musamman da take zubawa cikin ruwan jijiya don dakushe garkuwar shukar.

Maganar gefe ɗaya kuma, jijiyoyin kowane ɓangare na saiwa suna da rassan da suke shayarwa. In ta ɓangare ɗaya aka shiga, rassan wannan ɓangaren ne za su fara jin ƙishi. Har ganye ɗaya za ka ga rabi rawaya rabi kore. Miƙewar asuba kuwa, da dare ganye ba ya zubar da ruwa sosai, ɗan abin da ke wucewa ta sauran jijiyoyi yana isa. Da rana ta take sai ya kasa.

In shukar ta mutu, funfunar sai ta fito daga jijiya ta mamaye gawar, ta yi sabon iri mai kaurin ɓawo, ya koma ƙasa. Duk karan da aka bari ya ruɓe a fili, ƙari ne ga na baɗi.

Baba Mai Lambu: Allah ya yi miki albarka, 'yata. To ai maganata ce ta dawo. Mu mun ce ƙasa ta gaji, ku kun ce iri ya taru.

Malamin Gona: Maganinku ɗaya ne da namu, Baba, amma akwai inda bambancin ke da muhimmanci. Wanda ya ɗauka gajiya ce zai ƙaro taki, galibi yuriya. Yawan yuriya da takin amoniya yana ƙara wa ƙasa tsami a hankali, Fusarium kuma ta fi ƙarfi a ƙasa mai tsami, mai yashi. Ka ga an je gyara an ƙara ɓatawa. An gwada a wurare da dama an ga cewa in aka sa farar ƙasa aka kai awon tsamin ƙasa wajen 6.5 zuwa 7, cutar na raguwa.

Hajiyar Tudun Wada: Malam, ni kauɗa nake yi, a fadama nake sayen tumatir. 'Ya'yan irin wannan shuka ana ci? Kada in shanya wa mutane cuta.

Malamin Gona: Hajiya, wanda ya nuna lafiya bai ruɓe ba ana ci, ana shanyawa. Abin da ba a yi shi ne cire iri daga gare shi don shukar baɗi.

Mai Shagon Iri: Har yanzu ba a amsa mini ba. Akwai magungunan da ake zubawa a gindi, shuka ta sha ta saiwa. Ina sayarwa, kuma mutane na dawowa su ce sun ga sauƙi.

Malamin Gona: Alhaji, gaskiyarka a wuri ɗaya. Maganin wanke iri kafin shuka, da wanda ake jiƙa gadon raino ko saiwar dashe da shi, yana rage kamuwa tun ana ƙanana. Wannan ban musa ba. Amma shukar da cikin karanta ya riga ya yi ruwan ƙasa har reshe na biyu, jijiyar da za ta ɗauki maganin sama ita ce ta toshe. Kuma ko da an kashe funfunar, toshewar ba ta buɗewa. Mutumin da ke da bashi a wuya, ban yarda a ƙara masa wani kan abin da ba zai tashi ba.

Ga abin da za ka yi yanzu, ƙanena. Waɗanda suka kwanta ka tuge su da saiwarsu da ƙasar gindin, ka zuba a buhu ka fitar daga fili ka ƙone, kada ka jefa a bakin kogi ko cikin taki. Kwamin da cutar take, shi za ka riƙa ba ruwa a ƙarshe, kuma kada ruwansa ya malala zuwa wani. Ka dakatar da noma mai zurfi kusa da gindi. Ka rage yuriya. In ka gama aiki a wurin ka kankare ƙasar da ke jikin fartanya da takalminka kafin ka shiga sauran. Waɗanda ba su kamu ba za su ba ka abin da Allah ya nufa.

Mai Shagon Iri: Na ji. Amma ni dai a wajena a zuba wa na kewaye da ba su nuna alama ba, ya fi a bar su haka.

Malamin Gona: Wannan ra'ayinka ne, Alhaji, mai gona ya auna da aljihunsa. Ni da kuɗin nan nawa ne, iri mai juriya zan tanada da shi.

Ɗan Hunkuyi: Wane iri ke nan, Malam? Mu UC muka sani da Roma.

Ɗalibar Samaru: Yaya, ka riƙa duba haruffan da ke jikin gwangwani ko fakiti. V na nufin juriya ga wata funfunar yaushi mai suna Verticillium, wadda ta fi son wuri mai sanyi. F na Fusarium ne, N na nimatod. Shi ya sa ake cewa Roma VF. Sai dai Fusarium ɗin tumatir launi uku ce, wato kashi uku, kowanne da juriyar da ke iya tare shi. Juriyar farko daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru aka samo ta wajen 1940, aka shigar cikin irin noma. Ba a daɗe ba launi na 2 ya ɓullo wanda ya fi ƙarfinta, aka nemo wata juriyar, sai na 3 ya bayyana a Ostareliya a 1978. F guda ɗaya na launi na 1 ne kawai. In ka ga FF ko F1,2 to ya haɗa biyu. Kada a rikita wannan da F1 da ake rubutawa bayan sunan irin aure, shi ma'anarsa daban. Wani abin da ya shafe mu a nan: juriyar nimatod da ke cikin yawancin irin da ke da harafin N tana raunana in zafin ƙasa ya haura digiri 28, mu kuma daga Maris ƙasarmu ta wuce nan da rana. Don haka harafin N ba ya ɗauke wa mutum kula da fili.

Manomin Galma: Ni gaskiya irin dashe na saya a hannun wani, ɗaure-ɗaure, ban ga gwangwanin ba.

Malamin Gona: Nan ne babbar ƙofar, kuma ba kai kaɗai ba. Funfunar da kanta ba ta tafiya mai nisa cikin ƙasa. Mu ke ɗaukarta: a saiwar dashe, a ruwan ban ruwa, a tayar tarakta da garma. Dashen da ya kamu a gado kore shar yake ranar da za ka saya, ba yadda za a yi ka gane. Gado ɗaya mai cuta yana iya raba ta ga gonaki da yawa, daga Dakace har Shika.

Ɗan Hunkuyi: To in an huta da tumatir, me za a sa? Ina jin wake ma yana yaushi, auduga ma haka. Kada a gudu daga nan a faɗa can.

Ɗalibar Samaru: Sunan ɗaya ne amma kowace da abincinta. Nau'o'in Fusarium oxysporum sun haura 100, kusan kowanne da shukar da yake kamawa. Na tumatir ba ya kwantar da wake, na wake daban, na auduga daban, na ayaba daban. Na ayaba shi ne ya shafe gonakin ayabar Gros Michel a tsakiyar nahiyar Amurka a shekarun 1950, har aka koma noman ayabar Cavendish, yanzu kuma wani sabon launi yana kama ita ma, an same shi a Mozambik a 2013. Akwai ma nau'in da ke kama wuta-wuta kaɗai, ya bar dawa da masara lafiya, kuma a nan cibiyar binciken noma ta Samaru an yi aiki a kansa don yaƙar wuta-wuta. Saboda haka masara, dawa, shinkafa, alkama, albasa, duk ana iya sawa. Sai dai a sani, na tumatir yana iya laɓewa a saiwar ciyayi da wasu shuke-shuke ba tare da ya cutar da su ba. Hutun shekara 4 zuwa 5 yana rage shi ƙwarai, ba ya share shi.

Manomin Galma: Shekara 4! Mai haya ina zai iya? Kuɗin hayar fadama tumatir kaɗai ke fitar da shi.

Baba Mai Lambu: Wannan ita ce maganar da ba a son faɗi. Mai fili kuɗinsa yake karɓa duk shekara, ba ruwansa da abin da aka bar masa cikin ƙasa. Mai haya kuma ya san baɗi wataƙila ba shi ba ne, don me zai huta wa wani? Haka fili ke lalacewa a hannun mutum biyu, kowa yana ganin ba laifinsa ba. Ɗana, ka je ka sami mai filin da kanka, ka tafi da karan nan da ka tsaga ya gani da idonsa. Ku yi magana ta shekaru, ba ta rani ɗaya ba. Ka raba filin, ɓangaren da ya kamu ka sa albasa, tumatir ya koma ɗaya ɓangaren.

Hajiyar Tudun Wada: Wallahi Baba ya faɗi gaskiya. Mu masu saye ma abin na dawo mana, kwando ya yi tsada.

Baba Mai Lambu: Gadon raino kuma, mu karan dawa muke tarawa a kai mu cinna wuta kafin mu zuba iri. Malam, wannan yana nan ko ilimi ya soke shi?

Malamin Gona: Yana nan, Baba. Zafin yana kashe abin da ke saman ƙasa, tokar kuma tana rage tsami. Iyakarsa dai ba ya shiga can ƙasa, saboda haka kada a zo bayan an ƙona a yi kaftu mai zurfi a juyo ta ƙasan sama. Kuma gadon ya kasance inda ba a taɓa tumatir ba, a sama da gona ta yadda ruwanta ba zai gangaro masa ba. Ranar cirar dashe a jiƙa gadon sosai, a ɗago da ƙasarsa, kada a fizga. Wanda ke da hali ya yi raino a faranti mai ramuka da ƙasa mai tsabta, saiwar ba ta tsinkewa ko ɗaya.

Ɗan Hunkuyi: Na taɓa jin ana rufe gado da leda rana ta dafa shi. Baƙar leda ce?

Malamin Gona: Fara, wadda ake ganin ƙasa ta cikinta. Baƙa ita ke ɗaukar zafin a jikinta, fara kuwa tana barin hasken ya shiga ya dafa ƙasar. Ka kafce gadon, ka farfasa hoge, ka jiƙa shi sosai domin danshi ne ke kai zafin ƙasa, sannan ka shimfiɗa ledar ta kwanta daram ka binne gefunanta kada iska ta shiga. Ka bar ta mako 4 zuwa 6. Lokacinta a nan Zariya shi ne Maris zuwa Afrilu, kafin ruwan farko. In ka cire, kada ka zuba ɗanyen taki daga inda aka jibge karan tumatir, kuma in gadon zai jira har kaka, ka yi masa kunya a kewaye kada ruwan damina ya kwaso masa ƙasar gona.